Godiya ga Baba mai gareji na hanyar Jos, Bauchi

Assalamu alaikum. Ni ba mai yawan rubuce-rubuce ba ne, amma abin da aka yi min a wannan garejin idan na yi shiru ban kyauta ba. Wurin yana hanyar Jos a nan Bauchi, ko allo babu, darbejiya biyu ce da rumfar kwano da rami guda na duba ƙasan mota, sai dattijon da ke riƙe da wurin wanda kowa Baba yake ce masa, da yaransa uku. Na ce zan sa sunansa ya ce a'a in bari, shi ya sa.

Motata Fijo 504 ce doguwar nan, wagon, ta marigayi mahaifinmu. Irin waɗanda aka haɗa a Kaduna ne a kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975, ana kawo kayan a warwatse daga Faransa a ɗaure su a nan gida. Ni dai na san tun ina firamare ake kai mu Dass da ita gaishe da kaka, kuma ban taɓa jin zan iya sayar da ita ba duk da surutun 'yan uwa. To fiye da shekara guda kenan bayanta ya zauna. Ka ganta daga nesa kamar akuya ta durƙusa, hanci sama gindi ƙasa, ko babu kowa a ciki. In na ɗauko buhun masara biyu daga gona a Liman Katagum shikenan taya ta fara cin madigadi, kowane tudun rage gudu na Yelwa sai salansa ta gurji ƙasa, har yaran unguwa sun haddace ƙarar, tun ban shawo kwana ba an san ni ne. Da dare kuma fitila sama take haskawa, masu tahowa su yi ta danna min tasu suna zagina a banza alhali ban kunna babbar ba. Sitiyari ma ya yi sako-sako a hannu in na ɗan taka. Hajiyarmu ta ce ita ta daina shiga, gara ta hau Keke.

Wahalar da na sha kafin in zo wurin Baba ita ce ma ta sa nake wannan rubutun. Makanike na farko da na je wurinsa ko durƙusawa bai yi ba, ya danna but da hannu sau biyu ya ce shokozoba ne. Na sayo sababbi, aka ɗaura, na biya, mota tana nan yadda take ko ɗigo ba ta ɗaga ba, da na koma sai ya ce wai in ba ta lokaci za ta miƙe. Mota ce ko jinjiri? Na biyu ya yanko tsohuwar taya ya cusa tsakanin zoben sifirin, ranar kam ta ɗan tashi har na yi murna na ba yaronsa na shan ruwa, amma tafiyar ta koma kamar amalanke, kowane rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka, kafin sati biyu robar ɓangare ɗaya ta fice a hanyar Alkaleri mota ta karkace. Na uku shi ne ya fi ba ni haushi wallahi. Kwana tara motata tana wurinsa, kullum gobe, kullum yaro ya tafi kasuwa, ƙarshe ya ce zai yi min waldar ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ya ɗaga ta, na ce a'a ba ni makullina. Man da na bari a tanki kuwa ban tarar da shi ba, ban kuma tambaya ba don kar mu yi abin kunya a gaban mutane.

Wani direban haya ne da muke sallah masallaci ɗaya ya ce min in gwada dattijon nan. Gaskiya ba da wani sa rai na je ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai taɓa sifana ba. Cewa ya yi a sauke duk abin da ke cikin but, jarkoki da igiya da tarkacena, ya sa aka gyara iskar tayoyi huɗun, aka tura motar kan daɓen siminti inda ƙasa ta daidaita, sannan ya ciro tef daga aljihu. Ya auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama, gaba da baya, yana rubutawa da alli a jikin bango. Na ce Baba me ya sa ba daga ƙasa ba, ya ce in ka auna daga ƙasa taya za ta yi maka ƙarya. Hagu ta fi dama zama da kusan yatsa biyu. Sai ya dube ni ya ce, ɗana wa ya ce ka sayi shokozoba? Na faɗa masa. Ya yi dariya kawai, bai zagi kowa ba, ya ce shokozoba ba ya ɗaukar nauyin mota, aikinsa ya hana ta tsalle-tsalle, sifirin ne ke riƙe da ita, in ka ga mota ta zauna sifirin za ka fara tuhuma. Shekara guda ina yawo ba wanda ya faɗa min wannan magana guda ɗaya.

Ya sa na sauka ramin da kaina da tocila. A nan na san cewa wagon ɗin sifirin huɗu ne a bayanta, biyu kowane gefe a kan aksil guda, ba kamar ƙaramar 504 ba, ba kuma kamar fikof mai sifirin na faranti ba. Ɗaya na hagu ya karye tun daga zoben ƙasa, laka ta rufe wurin, wanda ya cusa min robar taya hannunsa ya wuce ta kan karayar bai gani ba ko kuma ya gani ya yi shiru, Allah masani. Da aka ciro su Baba ya jera su a ƙasa ya nuna min yadda sauran ukun ma suka gajarce, tsufa da lodi.

Wurin sayen kaya ma bai bar ni ni kaɗai ba. Ya haɗa ni da babban yaronsa da tsohon sifirin guda a hannu, ya ce a ƙirga zobe a duba kaurin ƙarfen, kada a yarda da wanda aka shafa wa baƙin fenti. Saiti biyu yaron nan ya mayar, mai shago har yana fushi. Kuma ni na biya kuɗin da hannuna, ba wanda ya ce kawo in sayo maka, wanda duk mai mota ya san abin da ke cikin wannan kalmar. Na so in canza na hagu kawai don aljihu, Baba ya ce duka huɗun ko a bari, in ba haka ba za ta dawo tana hararar gefe guda.

Inda ya ƙara burge ni shi ne da na ce ya ɗan ƙara mata tsayi sama da yadda kamfani ya yi, tunda gona nake zuwa. Wani da gudu zai ce to, kuɗi ne. Shi kuwa ya ƙi. Ya ce in ta wuce ƙa'ida shokozoba zai riƙa miƙewa har ƙarshe yana bugawa, tiyon birki zai ɗame, motar kuma ta riƙa layi a kwana, ga iyali kana ɗauka. Ya ce mayar da ita inda aka haife ta ya isa. Ashe ya yi aiki a kamfanin Steyr na nan Bauchi zamanin ana haɗa manyan motoci da tarakta, ya ce a can in ka ɗaure noti ba tare da awo ba sai an sa ka kwance. Na lura ma bai ƙarasa ɗaure notocin bushin ba, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, sai da aka sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafafunta, ya ce in ka ɗaure tana rataye robar za ta murɗe ta yage da wuri. Shokozoban da na saya ya ce lafiyarsu lau a bar su. Sauran aikin, daidaita fitila da duba birki, kafin la'asar an gama.

Ni abin da ke damuna, me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki? Yaro ya yi wata takwas a gareji ya sayi sifana uku ya kafa rumfa shi ma oga ne, ba tef, ba tambaya, sai canza wannan canza wancan har kuɗinka ya ƙare ko motar ta mutu. In ka yi magana a ce ka fiye ƙorafi, in ka yi shiru a mayar da kai saniyar tatsa. Kuma ba makanikai kaɗai ba, haka mai gyaran waya, haka mai wayarin, haka tela in sallah ta matso, haka wasu ofisoshin da za ka je da takardarka a cike a ce ka dawo Litinin. Kasuwar kayan mota kuwa kar ma a fara, kwali na asali abin ciki jabu, mai shago yana rantsuwa da alwalarsa. Har mun saba, mutum in zai kai gyara sai ya yi addu'a kamar zai shiga tiyata.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaranka albarka musamman wanda ya sha rana da ni a kasuwa bai ɓata rai ba. Kuɗin aikin da ka karɓa ni na san bai kai wahalar ba. Ka ce in dawo bayan sati biyu a sake awo don sabon sifirin yakan ɗan zauna, na koma jiya, lambobin allin suna nan a bango ba a goge ba, aka auna hagu da dama daidai, na miƙa kuɗi ka ce in mayar aljihu. Ranar Juma'a in sha Allahu zan kai Hajiya Dass, ta ce za ta shiga amma a baya za ta zauna don ta ji da kanta.