Wasiƙa Daga Jidda Zuwa Ga Aminiyata Hajiya Rabi

Assalamu alaikum, Hajiya Rabi.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, saƙonki ya iso, kuma na fahimci har abin da kunya ta hana ki faɗa. Kin ce tun da al'ada ta ɗauke miki shimfiɗa ta koma azaba, shi ya sa kike so in nemo miki asibiti a nan Jidda inda ake gyaran gaba da hasken leza, ki haɗa da Umrarki. In kin nace zan nemo, amma ki fara jin labarina, domin na riga ki shiga wannan hali.

Ina da shekara 52 lokacin da bushewa da raɗaɗi suka same ni, har na fara ƙirƙirar ciwon kai da zarar an idar da Isha'i. Abin da ya fi ci min rai shi ne tunanin cewa na tashi daga mace, kuma duk wayar da maigida ya amsa a waje sai zuciyata ta ce maganar kishiya ce. Na yi ta amfani da matsi da turaren tsugunno irin na maƙwabtanmu 'yan Sudan, ban tsira da komai ba sai ƙarin ƙaiƙayi. Da na je wurin likitar mata, sai ta bayyana min cewa idan ƙwan mace ya daina aiki, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin istirojin yana raguwa, fatar cikin gaba ta yi siriri, ni'ima ta ja baya. Ashe wurin da ya riga ya bushe nake ƙara matsewa da hannuna.

Na tambaye ta batun leza, tun da tallarsa ta cika wayoyinmu. Na'urar tana yi wa fatar ciki ƙananan ƙuna ne domin ta sabunta kanta, kuma akan yi zama uku, da tazarar mako 4 zuwa 6. Sai dai a watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da waɗannan na'urori don wannan aiki ba, ta ambaci ƙuna da tabo da ciwo mai daɗewa. A 2021 kuma mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani gwaji da aka yi a Ostiraliya kan mata 85, inda aka yi wa kusan rabinsu leza ta gaske, sauran aka kwaikwayi aikin ba tare da saninsu ba, bayan wata 12 ba a sami bambancin a zo a gani ba. Ba na ƙaryata matan da suka ce sun ji daɗinsa, amma a ganina macen da ta samu mai saurarenta ta kuma sa rai da waraka, dole hankalinta ya ɗan kwanta.

Ni man istirojin na shafawa a ciki aka rubuta min, da man santsi na lokacin saduwa, aka kuma koya min motsa tsokar ƙasan mara. Cikin 'yan makonni raɗaɗin ya lafa. Duk da haka walwalata ba ta dawo ba sai daren da na cije na gaya wa maigida gaskiya, ya yi shiru, sannan ya ce shi duk zatonsa ƙyamarsa nake yi. Shekara guda kowa na zargin kowa a ɗaki ɗaya, Hajiya! Tun daga nan ya daina gaggawa, ni kuma na daina tsoro.

Ki ga likitar mata a Kano kafin ki taso, kuma ki gaya mata idan an taɓa samun ki da ciwon dajin mama, domin hakan yana iya canza maganin da za a ba ki. Idan kuwa kika ga jini bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, kada ki jira Umra, ki je asibiti a makon. Ki taho da takardunki, ki kuma sanar da ni ranar saukarku in zo in tarbe ki. Ki gaida Alhaji.

Taki har kullum,
Hajiya Mairo