Wasiƙa zuwa ga aminina a Kaduna

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Mu nan Sakkwato lahiya lau, sai zafin bazara da ka sani.

Ka tambaye ni yadda nake adana ayyukan da ke kwamfutocin shago. Bara war haka faifan ajiyar wata kwamfuta ya mutu farat ɗaya, da aikin kammala karatun wata ɗaliba a ciki, babi huɗu. Ta tsaya bakin ƙofa tana share hawaye da gefen hijabi, na rasa abin da zan ce mata. Tun ranar na sake shiri.

Kwamfutoci 6 gare mu, duk a haɗe da juna. Sai na ware wata tsohuwa ta zama ma'ajiya, na sa mata Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na hana yaran shago taɓa ta. Kullum da azahar, lokacin da sola ke da ƙarfi, takan bi sauran ɗaya bayan ɗaya ta kwafo fayilolinsu da manhajar rsync. Abin da ya canza kawai take ɗauka, shi ya sa ranar farko ta yini tana aiki, yanzu kuwa kafin mu dawo daga masallaci ta gama. Kwafin kwana 7 take riƙewa, don in fayil ya lalace yau a samu na jiya.

Ga inda nake so ka kula sosai: ita ke zuwa ta ɗauko, sauran ba su da izinin rubuta komai a cikinta. Ka tuna cutar kwamfutar nan WannaCry ta 2017, wadda ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta tana kulle fayiloli har sai an biya kuɗi. Irin wannan cuta in ta sami ƙofa, har ma'ajiyar za ta kulle.

Duk Alhamis kuma ina kwafe komai a faifan tafi-da-gidanka da na kulle da VeraCrypt, manhajar da ke kulle bayanai da kalmar sirri, in tafi da shi gida Mabera, saboda gobara ko ɓarayi. Takardun mutane amana ce, ko faifan ya faɗi a hanya ba mai iya karanta shi.

Don Allah ka riƙa gwadawa. Farkon kowane wata nakan buɗe fayil biyu ko uku daga ma'ajiyar in duba. Ta haka na gano akwai kwamfuta ɗaya da aka yi sati uku ba a kwafo komai daga gare ta ba, ashe wayarta ce ta zare.

In za ka zo da sallah, ka tambayo mini kuɗin faifai mai cin terabait 2 a wajenku. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini.