A daina barin labarin shan inna a dunƙule

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk sanda jaridarku ta buga labarin ɓullar shan inna "mai asali daga rigakafi", sai ka ji a majalisa ana cewa ai dama an faɗa rigakafin nan cutarwa yake yi. Ina ganin da laifinku a ciki, domin kuna kawo labarin ba tare da bayanin yadda abin ke faruwa ba.

Ɗigon da ake sa wa yara a baki, wanda Albert Sabin ya samar, ƙwayar cutar ce mai rai da aka karya mata lago. Kundin gadonta, wato bayanin halittarta da ke rubuce da sinadarai, yana da harufa kusan 7,500. Kimanin 740 na farko ba su gina komai a jikin ƙwayar, aikinsu ba da umarni ne: su ke jawo ƙwayar halittar mutum ta shiga ƙera wa cutar sinadaran da take bukata. Kamar makunnin fitila suke. A nan ne babban raunin yake, kuma canjin harafi ɗaya tak ne ke jawo shi a kowane ɗaya daga nau'o'in ƙwayar guda uku: a gurbi na 480 a nau'i na 1, na 481 a nau'i na 2, na 472 a nau'i na 3. Da wannan canji ƙwayar tana hayayyafa a hanji har jiki ya koyi yaƙarta, amma ba ta iya taɓuka komai a jijiyoyin laka, inda shanyewar ƙafa ke farawa.

Sai dai harafin yakan koma yadda yake tun a cikin hanji. A unguwar da kusan kowane yaro ya sha ɗigo, ƙwayar ba ta samun wanda za ta kama, sai ta mutu a kwata. Inda aka tsallake yara da yawa kuwa, za ta yi ta yawo ta bayan gida da gurɓataccen ruwa wata da watanni har ƙarfinta ya dawo, kuma yaran da aka tsallake ɗin ne take shanyewa. Cire nau'i na 2 daga ɗigon a watan Afrilun 2016 ya ƙara yawan yaran da ba su da kariya daga wannan nau'in.

A sabon ɗigon nau'i na 2 mai suna nOPV2 an sake ƙera sashen ba da umarnin nan ne yadda canjin harafi ɗaya ba zai dawo da ƙarfin ba. Najeriya ce ta fara amfani da shi a watan Maris na 2021, kamfanin Bio Farma na Indonesiya ke yin sa, ƙasar da Kano ta yarda da rigakafinta a 2004 bayan ƙauracewar da jihar ta yi wa ɗigon shan inna. Shi ma an samu 'yan wuraren da ya koma mai illa, kamar Burundi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2023, amma ba kamar tsohon ba.

Don Allah, in za ku sake buga irin wannan labari, ku tambayi hukumomin lafiya yara nawa ne ba su taɓa shan ɗigo ba a ƙaramar hukumar da abin ya faru, ku sa adadin a sakin layi na farko.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Zariya