Mai Son Albasar Sakkwato Ya Zo Tun Kafin Dashe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana da manyan masu sayen albasa, musamman kamfanoni da ’yan kasuwar da ke loda tirela zuwa Legas da Ghana, masu cewa suna saye kai tsaye daga ƙananan manoma. Galibinsu ba a ganinsu sai Maris da Afrilu, lokacin da albasar Wurno, Goronyo, Gada da Kware ta cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa ba ya iya jira, abin da dillali ya taya shi zai sallama. Daga baya kuma mai saye ya dawo yana kukan kaya sun ruɓe a hanya.

Ruɓewar nan tun daga gona take farawa. Albasar da aka danƙara wa takin yuriya bayan ta fara kai takan yi girma, amma wuyanta ya yi kauri, ba ta ajiyuwa. Ana so a yanke mata ruwa kamar mako 2 kafin cira, a bari lawashi ya kwanta, sannan a shanya ta kwana 10 zuwa 14 har wuyan ya bushe ya rufe. Wanda ya san buhu ake ƙirgawa, ba a duba inganci, me zai sa ya bar albasarsa ta sha iska ta rage auki? Ɗanya zai ɗura, ya ɗinke baki.

Don haka ciniki ya fara tun ana rainon iri, makonni 6 zuwa 8 kafin dashe. A zauna da ƙungiyar manoma a gaban hakimi ko mai unguwa, a rubuta irin da za a shuka, da girman da ake so, da mafi ƙarancin farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba ko kasuwa ta karye. In za a ba da iri bashi, a gwada shi tukuna: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana 10. Jabun iri ya sha cinye wa mutane noman rani ɗungurungum.

Awo kuma ya koma kan sikeli, domin buhun da aka yi wa ƙari a baki ba shi da ma’auni. A tsince kaya a gaban mai su, a ware mai tabo da mai tsiro, a biya ranar da aka ɗauka. "Sai mota ta dawo" shi ke kashe amana, shi ke sa manomi ya karkatar da kayansa kasuwar Illela ko da an yi yarjejeniya.

Wanda kuma zai ajiye zuwa damina ya sa hannu a gyaran rudu, wato rumbun ajiyar albasa: a ɗaga shi daga ƙasa, rufin ciyawa ya hana yoyo, iska ta ratsa, kuma duk mako 2 a shiga a fitar da ruɓaɓɓu kafin su shafi sauran.

Naku,
Wasu malaman gona,
Sakkwato.