Wasiƙar Godiya Ga Sashen Kula Da Kwamfutoci

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in miƙa godiyata ga ma'aikatan sashen kula da kwamfutoci na ma'aikatarmu, bisa yadda suka kare amanar da ke cikin tsohuwar kwamfutata kafin a miƙa ta ga wani.

Na kai ta ne domin a yi mata fomatin a ɗora sabuwar Windows, ina ganin magana ta ƙare ke nan. Injiniyan da ya karɓe ni bai ja da ni ba, sai ya ɗauko wani filashi da aka yi wa fomatin na gaggawa, ya buɗe manhajar PhotoRec mai dawo da fayilolin da aka goge, kafin ka ce kwabo ga hotuna da takardu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ya fahimtar da ni cewa irin wannan gogewa jerin sunayen fayiloli kawai take shafewa, bayanan kuwa suna nan kwance a kan faifan ajiya har sai an rubuta wani abu a kansu. Gabana ya faɗi, domin takardun albashin abokan aikina da lambobin asusunsu na banki duk suna cikin kwamfutar nan.

Ba su taɓa komai ba sai da suka kwafe mini aikina, suka kuma sa na buɗe kwafin da hannuna na tabbatar babu abin da ya ɓace. Daga nan suka cike faifan da sifili daga farko har ƙarshe, aikin da ya ɗauki sa'o'i a kan faifai mai terabait 1. Da na tambaya ko sau ɗaya ya isa, sai ya ce tsarin maimaitawa sau 35 da Peter Gutmann ya kawo a 1996 na faifan wancan zamani ne, kuma jagorar hukumar NIST ta Amurka mai lamba 800-88 ta yarda da sau ɗaya ga faifai mai juyawa na yanzu. Ya ƙara da cewa da SSD ce, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, da umarnin gogewa da aka gina a cikinta zai yi amfani, tunda ita takan rarraba rubutu zuwa wuraren da manhaja ba ta kaiwa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne sun sake sakin PhotoRec a gabana, ba ta tsinto ko fayil ɗaya ba, sannan suka ɗora Windows.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Wani ma'aikaci a sashen kuɗi