A ba su ɗaki tukuna, shinkafa ta biyo baya

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan mutanen da ke kwana a kangwaye a nan Maiduguri.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, mijinta ya rasu tun lokacin da Boko Haram suka shiga Bama a 2014, ta gudo da yara huɗu ta zauna a sansani shekara da shekaru, da aka fara rufe sansanonin cikin gari a 2021 aka ba ta ɗan kuɗi ta kama ɗaki ɗaya a Gwange tana suyar ƙosai, rayuwa ta fara daidaita kenan sai madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba 2024 ruwa ya cinye ɗakin da kaskon da komai. Da aka zo rubuta sunaye mai gidan aka rubuta, ita ƴar haya ce wa ya san da ita? Yanzu tana cikin wani kango da ba a gama ba, buhun siminti ne labulen taga, in hadari ya haɗo sai su tattara tabarma su raɓe a kusurwa ɗaya mai rufi.

Ba wai ba a taimaka ba fa, an taimaka wallahi, mun ga tireloli. Amma kuɗin kullum shinkafa da taliya da bargo yake tafiya, a ɗau hoto a watse. Toh wanda ba shi da inda zai ɗora tukunya ina zai kai buhun? Sayarwa yake yi rabin kuɗi, sai kuma a ce ba su da godiya.

Ƙasar Finland tun 2008 suka juya abin. Da sai ka daina shaye-shaye ka nemi aiki sannan a ba ka muhalli, sai suka ce a'a, a ba mutum makullin ɗaki da sunansa tukuna, yana biyan ɗan haya, a haɗa shi da ma'aikaci guda da zai riƙa leƙo shi, ya kai shi asibiti, ya cike masa takardu. Marasa gida sun kai kusan 18,000 a 1987, zuwa 2022 ba su kai 4,000 ba. Wani ɓangare na kuɗin ma daga caca suka samo shi, mu Allah ya raba mu da wannan, muna da zakka da waƙafi ga kasafin jiha.

Roƙona ga ƴan majalisarmu shi ne a ware kuɗin hayar shekara biyu ga zawarawa masu marayu da tsofaffi da naƙasassu a cikin kasafi, duk shekara, ba sai bala'i ya faɗo ba. Kuma a sa albashin masu bibiya a ciki, don nan ne kullum ake tsuke hannu, a gina gidaje a bayan gari babu famfo babu makaranta babu mai zuwa duba su, wata shida mutane sun dawo bakin kasuwa suna bara.

Shekaranjiya mai kangon ya sauke yashi da bulo, ya ce mata nan da sallah zai ci gaba da gini.

Naku,
Mai karatu daga Gwange, Maiduguri