Wasiƙa zuwa ga 'yata, kan 'ya'yan sarkin cikin littafinta

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na karanta babukan da kika aiko. Ƙasar da kika ƙirƙira ta burge ni, musamman birnin nan da aljanu ke gadin ƙofofinsa. Rigimar 'ya'yan sarkin ce ba ta kwanta mini ba. Kin yi babban mugu tun yana cikin zanin goyo, ƙaramin kuma salihi, sannan kika bar takobin tsafi ya raba gardama. Ko a duniyar aljanu, 'yan'ubanci ba ya zuwa da sauƙi haka.

Dubi Haruna Rashid, halifan Abbasiyawa na Bagadaza. A shekarar 802 ya rubuta wasiyya cewa ɗansa Amin ne zai gaje shi, ɗaya ɗan nasa Ma'amun ya riƙe lardin Khurasan, ya hau karaga bayan ɗan'uwansa. Aka rantsar da su, aka rataye takardun a cikin Ka'aba. Haruna ya rasu a 809, kafin 813 ta ƙare dakarun Ma'amun sun ci Bagadaza, an kashe Amin. Ma'amun ya girme shi da 'yan watanni, amma uwarsa ƙwarƙwara ce, Amin kuwa ɗan Zubaida ne, jikar halifa Mansur. Kowannensu na da waziri mai zuga shi (abin mamaki, dukansu sunansu Fadlu), ga shi Amin ya so ya ture wansa ya sa ɗansa Musa. Wane ne mugu a nan? Wasiyyar da aka ajiye a Ɗakin Allah ba ta riƙe su ba, balle takobinki.

Saboda haka ki ba iyayen 'ya'yan sarkin nan baki su yi magana, haka kawunnansu da fadawan da cinsu da shansu ya rataya a kan wanda ya hau. Ki kuma sa tsoro a zuciyar babban. A daular Usmaniyya ta Turkawa, da Muhammadu na Uku ya hau karaga a 1595, 'yan'uwansa maza 19 aka shaƙe. Yariman da ya san haka, ransa yake karewa, ba kwaɗayin rawani kaɗai ke kai shi yaƙi ba.

Ki sake rubuta daren da sarkin ya rasu. Ina so in ga wanda ya ɓoye labarin har asuba, da wanda ya riga kowa karɓe makullin taska.

Mahaifiyarki na gaishe ki.

Mahaifinki